Wayar da ake ta cewa za ta fito da araha, in jira ta ko in sayi wadda ke kasuwa?

Wata 'yar'uwa ce daga Tudun Wada ta turo tambayar, ga ta a taƙaice: tana sayar da atamfa da leshi da turaren wuta ta WhatsApp, wayarta ta cika tana ta maƙalewa, ta tara wajen naira 200,000, sai ta ga ana yawo da hoton wata sabuwar waya da wai ta kusa fitowa, RAM 16 (wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke buɗe), kyamara 108, batir 6000, ga 5G, kuma wai dala 130 za a sayar da ita. Shine take tambaya ko ta jira, ko ta shiga kasuwa ta ɗauki abin da ta samu.

Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Na fi shekara goma ina gyaran waya da sayarwa a nan Kaduna wajen Ahmadu Bello Way, kuma wallahi irin wannan tambayar kusan duk sati sai an shigo min da ita shago, mutum ya miƙo min waya yace injiniya duba wannan, yaushe za ta iso. Toh amsata dai tun farko ita ce ba a cinikin biri a sama. Idan wayarki ta riga ta fara ɓata miki ciniki, kwastoma ya turo saƙo sai bayan awa biyu ki gani, ki je ki sayi wadda za ki riƙe a hannu ki gwada. Idan kuma tana ɗan lallaɓawa za ki iya jira, amma da sharaɗi, zan zo kan sharaɗin a ƙasa. Bari dai in warware miki dalili don kar ki ɗauka ina so ne kawai in sayar da abin da ke cikin gilashina.

Farko ki san daga ina irin wannan labarin yake fitowa, domin ba duka ne ƙarya ba. Kafin kamfani ya fitar da waya dole ya kai ta wajen hukumomin da ke tantance kayan sadarwa, a Amurka akwai FCC, a Indiya akwai BIS, mu nan NCC ce ke ba da izini, sannan ana gwada ta a Geekbench, manhajar auna ƙarfin waya, kuma sunanta yakan bayyana a jerin wayoyin da Google Play ya amince da su. Daga nan ne masu bin diddigi suke tsinto lambar wayar da sunan injinta da girman batir da ƙarfin caja, kuma galibi waɗannan sukan zo daidai. Masu yin kondon waya suma sukan samu ma'aunin jikinta da wuri shi yasa hoton bayanta ke fita tun kafin ita. Amma farashi? Farashi babu shi a duk waɗannan takardun. Shi ne abu na ƙarshe da kamfani ke yankewa, kuma kowace ƙasa da nata. Don haka in kin ga jita-jita ta zo da sunan inji da batir ki ɗan saurara, in ta zo da farashi ki ɗauka hasashen wani ne, sau da yawa ma mai neman a danna bidiyonsa ne ya ƙara gishiri.

Kuma ba yau aka fara ba. A 2013 duniya ta ɗauka Apple za ta fitar da iPhone na talaka, aka yi ta magana wata da watanni, da iPhone 5c ta fito da jikinta na roba sai ga ta a dala 549 in ba a ɗaure ta da layi ba, 5s da ta fi ta komai kuma 649, bambancin dala 100 kacal. Kwanan nan ma an sake, an daɗe ana cewa iPhone SE ta huɗu na nan tafe kuma da yawa sun ce ba za ta kai dala 500 ba tunda SE ta 2022 a 429 aka sayar. Watan Fabrairun 2025 sai ta fito da wani suna daban, iPhone 16e, a dala 599. Abin lura shine yawancin abin da aka faɗa kan jikinta ya tabbata, sikirin inci 6.1, kyamara ɗaya a baya, buɗewa da fuska, bakin caji na USB-C, farashin ne da sunan suka sha bamban. Kinga abin da nake faɗa miki kenan.

Yanzu mu ɗauka ma dala 130 ɗin gaskiya ce. Na san lissafin da kika yi, kin buga 130 sau naira 1,500 kan kowace dala kin ga 195,000 kin ce alhamdulillah kuɗina ya kai har da canjin keke. Toh wannan farashin na ƙasar da aka fara fitar da ita ne, Indiya ko Sin ko wani wuri, kuma sau tari farashin ƙaramar ce a cikin gidan, mai RAM 4 da ma'ajiya 64 ko 128, amma hoton da ake yaɗawa yana ɗauke da bayanin babbar. Wannan dabarar ta haɗa farashin ƙarama da kayan babba ita ta fi yaudarar mutane. A Indiya ma sau da yawa farashin da ake sanarwa ya haɗa da rangwamen katin wani banki na kwanakin farko, wanda mu bai shafe mu ba. A Amurka kuma farashin da kike gani ba a sa harajin saye a ciki ba.

Daga can sai ta hau jirgi ta sauka Legas, a biya kuɗin dako, a biya kwastam da masu fito da kaya, ga harajin VAT kashi 7.5 tun 2020, babban dila a Computer Village na Ikeja ya ɗora nasa, wanda ya kawo ta Arewa ya ɗora, wasu kayan ma sai sun bi ta Farm Centre a Kano kafin su gangaro mana, ni mai shago in ɗora nawa saboda haya da man janareta da yaran shago. Kuma dila ba da dalar yau yake sa farashi ba, da dalar da yake tsoron zai sayi kaya na gaba yake sawa. Shi yasa in dala ta tashi da safe kafin la'asar farashi ya canza, in ta sauka kuwa sai a yi makonni ana ce miki tsohon kaya ne. Sannan makonnin farko na kowace sabuwar waya sun fi tsada saboda kaɗan ce ta shigo kowa na nema. Ni a abin da na saba gani, wayar da lissafin kalkuleta ya ba ki 195,000 kar ki sa ran samunta a haka a Kaduna, ki sa a ranki sai kin ciko, kuma cikon ba na dubu biyar ba ne.

Akwai kuma haɗarin jiran shi kansa, wannan na gan shi da idona. Farkon 2023 wani bawan Allah daga Kawo ya zo da kuɗin waya cif a aljihu, har ya zaɓa, sai abokinsa yace masa ai sabuwarta na nan fitowa ya dakata. Ya dakata. A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen 460 ta wuce 700 cikin 'yan kwanaki, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,800 a kasuwar bayan fage. Da ya dawo kuɗin nan nasa ko wadda ya ƙi ɗauka ba su saya ba, ƙaramar ƙanwarta ya tafi da ita, na ji masa zafi sosai don na san yadda ya tara su. Ba ina cewa haka za ta sake faruwa ba, Allah ya kiyaye, amma kuɗin da ke ajiye a naira ana jiran kayan da ake saye da dala kullum yana cikin kasada. Ga shi kuma tun ƙarshen 2025 farashin memori ya tashi a duniya saboda kamfanonin AI, wato ƙirƙirarriyar basira, suna kwashewa, kuma ƙananan wayoyi ne suka fi jin jiki tunda dama ribarsu siririya ce.

Mu dawo kan kayan da aka lissafa. RAM 16 a waya mai wannan kuɗin, Hajiya ki sake duba hoton da kyau za ki ga wani ɗan ƙaramin rubutu 8+8, wani lokacin ma da 'yar tauraruwa a gefe. Takwas ta farko ita ce RAM ta gaske, takwas ta biyu aro ce, wayar ke yankar wani ɓangare na ma'ajiyarta tace wannan ma RAM ne. Matsalar ita ce ma'ajiya ba ta kusa da RAM wajen sauri, kamar ki ce kin ƙara faɗin teburin shago amma ƙarin yana can sito bayan gida, duk abin da kike so sai an aika yaro. Tana ɗan taimakawa kar manhaja ta rufe in kin fita kin dawo, iyakarta kenan. Don haka lambar farko kawai za ki kalla. Ga mai sana'a irin taki da WhatsApp Business da Facebook da TikTok da manhajar banki biyu ko uku duk a buɗe, 4 ta yi kaɗan, 6 za ta yi, 8 ta gaske ita ce kwanciyar hankali.

Abin da ba a taɓa rubutawa da manyan baƙaƙe kuwa shine irin ma'ajiyar, kuma ni a wajena ya fi yawan RAM muhimmanci. Iri biyu ne a ƙananan wayoyi, akwai eMMC 5.1 akwai UFS 2.2. Duka za a rubuta miki 128 ko 256 a kwali, amma UFS ta ninka eMMC sauri wajen sau biyu zuwa uku, kuma tana iya karatu da rubutu a lokaci ɗaya, ita eMMC sai ta gama ɗaya. Ranar da kika saya ba za ki ga bambanci sosai ba, sai bayan wata takwas ko shekara, lokacin da hotunan atamfa dubu sun taru, guruf-guruf na biki da na unguwa da na 'yan kasuwa sun zuba bidiyo, a nan mai eMMC ke fara wannan nauyin da kike kuka da shi yanzu, ki danna gallari ki tsaya kina jira. Mafi yawan wayoyin da ake kawo min ana cewa a yi musu fulashin don sun yi nauyi, ba cuta ce ta kama su ba, ma'ajiya ce mai jinkiri kuma ta cika maƙil. In za ki iya, ki ɗauki 256 mai UFS, in kuɗi bai kai ba gara 128 mai UFS da 256 mai eMMC, sai ki ƙara da katin memori don hotuna.

Sai inji, wato firosesa. A nan ma ana wasa da suna. Za ki ga an rubuta octa-core, wato inji mai ƙwaƙwalwa takwas, kamar wani abin alfahari, alhali yau kusan duk wayar da ke kasuwa haka take. Sunan injin za ki tambaya. Unisoc T606 da Helio G85 da danginsa irin su G81 na ƙasa ne, ƙirar nanomita 12, suna aiki amma ba su son lodi. Helio G99 da ya fito a 2022 da Snapdragon 680 ko 685 ƙirar nanomita 6 ne, sun fi sanyi sun fi tattalin batir, kuma G99 ɗin nan shi ne ya riƙe wayoyi masu matsakaicin kuɗi da yawa a kasuwarmu, Helio G100 da ya biyo baya kusan shi ne aka sake wa riga. Ƙaramar lambar nanomita na nufin ƙarancin zafi da ƙarancin shan wuta, kuma ga wanda ke zaune a garin da watan Maris da Afrilu zafi ke wuce digiri 35, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maganar 5G kuwa ita ta fi sa ni ɗar-ɗar da wannan jita-jitar. Injin 5G ya fi tsada, don haka in kin ga 5G a waya mai araha sosai to an yanke wani abu an biya shi, ko sikirin ya koma 720, ko ma'ajiya ta koma mai jinkiri, ko kyamarar gaba ta zama ta jeka-na-yi-ka. Kuma ba kowace 5G ke kama kowane layi ba, Redmi A4 5G da aka fitar a Indiya ƙarshen 2024 nau'in 5G ɗaya kawai take kamawa, masu layin Airtel na can suka saya suka tarar 4G za su ci gaba da sha. Mu nan MTN ta fara 5G a 2022 da birane bakwai, Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri, Kaduna ba ta cikin sahun farko, Airtel ta biyo a 2023. Kafin ki biya kuɗin 5G ki samu mai wayar 5G a layinku ki ga ko tana kamawa a cikin ɗakinki, ba a bakin titi ba. Ɗora sitatus da kiran bidiyo da tiransifa duk 4G mai kyau ta ishe su, kuma tunda NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, saurin da zai sa data ta ƙare da wuri ba shi ne damuwarki ta farko ba. Abin da ya fi 5G amfani shine ki tabbatar wayar na da band, wato tashoshin kama sabis, na 4G na layukanmu, 3 da 7 da 20, in kina amfani da Glo kuma ki nemi 28.

Kyamara ita ce jarinki don haka bari in daɗe a nan. Lambar 108 ko 50 yawan miliyoyin ɗigon hoto ne kawai, kuma wayar ma ba da su duka take ba ki hoto ba, mai 50 tana haɗe ɗigo huɗu-huɗu ta ba ki hoton wajen 12.5, mai 108 tana haɗe tara-tara ta ba ki 12. Kinga a ƙarshe kusan wuri ɗaya suka tsaya. Daga nan ki ɗora a WhatsApp shi kuma ya matse hoton ya rage shi. Abin da ke sa hoto kyau shine girman idon da ke karɓar haske, da ingancin gilashin, da yadda injin wayar ke sarrafa kala. Su kuma waɗannan zagaye uku ko huɗu da kike gani a bayan waya, a masu araha guda ɗaya ce ke aikin, sauran ko mai 2 ce ko ma ƙasa da haka, an sa su ne don bayan ya yi kama da na manya.

Ke matsalarki kala ce. Wayoyi da yawa masu araha suna ƙara wa hoto armashi da kansu, ja ya koma kamar wuta, ruwan toka ya koma shuɗi-shuɗi, ruwan hoda ya yi fari, shadda mai maiƙo ta yi ta ƙyalli har zanen ya ɓace. A ido hoton ya yi kyau, amma kwastoma a Barnawa ta zaɓi leshi a sitatus ki aika mata da mai keke ta buɗe leda tace ba wannan kalar ta gani ba, kin yi asarar kuɗin aike kin kuma ɓata da mutum. Babu wata jita-jita da za ta gaya miki yadda waya ke ɗaukar jan atamfa a cikin ɗaki da ƙwan sola da daddare. Wannan sai an gwada, gani ya kori ji. Gaskiya kamfanonin Transsion, wato masu Tecno da Infinix da itel, sun daɗe suna gyara kyamararsu don fatar baƙin mutum kuma a hoton fuska ana ganin amfanin hakan, amma kaya daban fuska daban, kowace waya sai kin gwada ta a kan hajarki.

Sikirin a gurguje: 1080 ya fi 720 tsabta musamman wajen duba ƙananan zanen leshi, sikirin nau'in AMOLED ya fi na LCD kala da baƙi mai kyau. Sai dai ki sani ranar da ya fashe AMOLED na asali yana da tsada sosai, mutane da yawa sukan koma a sa musu na LCD mai araha, kuma in wayar a cikin sikirin take karanta yatsa to galibi shikenan an rasa wannan. 120Hz da ake rubutawa kuma, wato santsin motsin sikirin, in injin mai rauni ne ba za ki more shi ba.

Batir 6000 abu ne mai kyau, ban raina ba, da yanayin wutarmu duk wanda ya ce miki batir ba komai ba ne bai zauna Rigasa ko Tudun Wada ba. Amma ki haɗa shi da ƙarfin caja. Batir 6000 da caja mai wat 10 ko 15 sai ya kwashe awanni bai cika ba, NEPA ta kawo wuta awa ɗaya ta ɗauke kina kashi 40. Ki nemi 33 zuwa sama, ko aƙalla 18. Ki kuma tambaya ko akwai kan caja a kwali, Apple ta daina sawa tun 2020, Samsung ma yawancin 'yan gidan A yanzu waya ce da igiya kawai, su Tecno da Infinix da itel galibi suna haɗowa da caja har da kondo. In babu, kuɗin caja mai kyau ya shiga lissafinki, don cajar dubu ɗaya da ɗari biyar ta bakin titi da wutar janareta mai hawa da sauka su ne suke kawo min rabin aikin bakin caji da fanel da nake yi. Zafi kuma shi ne babban makiyin batir, kar ki bar waya a ƙarƙashin filo tana caji, kar ki bar ta a gaban mota da rana.

Akwai abin da mutanenmu ba su cika tambaya ba, shekara nawa kamfani zai ci gaba da turo wa wayar sabuntawa. Samsung ta yi alƙawarin shekara shida ga Galaxy A16 5G da ta fito ƙarshen 2024, Google ta ba Pixel 8a shekara bakwai, amma ƙananan wayoyi da yawa a kan Android ɗin da suka zo da shi suke tsufa, sai ɗan facin tsaro na wani lokaci. Ke da kuɗin mutane ke shiga wayarki kullum wannan ya shafe ki, domin manhajojin banki da WhatsApp suna daina aiki a tsofaffin Android a hankali, WhatsApp ya riga ya bar duk abin da ke ƙasa da Android 5 tun 2023.

Sai kayan gyara, wannan kuma fannina ne kai tsaye. Wayar da ta yi yawa a gari sikirinta da batirinta da bakin cajinta suna nan a kowane lungu, ki kawo da safe ki karɓa da azahar. Dalilin da ya sa wayoyin Transsion suka mamaye kasuwarmu kenan, ga Carlcare da ke kula da garantinsu. Sabuwar waya da ta shigo jiya ko wadda ba a kawo ta Najeriya a hukumance ba, in sikirinta ya fashe sai a yi odar sa daga Legas ko ma daga Sin, ki yi sati biyu uku babu waya babu ciniki. Wani abin kuma, in wadda aka yi don kasuwar cikin Sin ce aka shigo da ita ta bayan gida, ba ta zuwa da Play Store da sauran kayan Google, sai an yi mata dabara, kuma dabarar takan kawo matsalar saƙo ba ya shigowa sai kin buɗe manhaja, ko manhajar banki ta ƙi tashi. Jita-jita da yawa da ake fassaro mana ma a kan irin waɗannan wayoyin ne, waɗanda ƙila ba za su taɓa zuwa nan ba, ko su zo da wani suna da wani inji daban.

Don Allah Hajiya, duk wanda yace ki turo kafin alƙalami ya ajiye miki ita kafin ta iso, kar ki tura ko sisi. Wayar da kamfaninta bai sanar ba babu wani mai shafi a Facebook ko TikTok da yake da ita a sito. Na ga mata sun zo shago da hoton rasit a waya suna kuka, lambar da suka tura wa kuɗi a kashe. Masu bayar da waya a biya kaɗan-kaɗan kuma ki ce su rubuta miki jimillar abin da za ki biya daga farko har ƙarshe ki kwatanta da farashin kuɗi hannu, ki kuma sani in kin makara biya suna kulle wayar daga can, ranar da kike tsaka da ciniki ma ba ruwansu.

Da ni ne ke riƙe da 200,000 ɗin nan ga sana'a irin taki, zan nemi wayar 4G da ta yi wata huɗu zuwa shekara a kasuwa, wadda farashinta ya riga ya zauna kuma mun riga mun san halinta a teburin gyara, mai injin nanomita 6, RAM 6 ko 8 ta gaske, ma'ajiya UFS, batir 5000 zuwa sama, a gidan Tecno Spark ko Infinix Hot ko Redmi ko Samsung A, wadda kuɗin ya kai a ranar. In ya ɗan gaza gara ki ƙara haƙuri wata ɗaya ki ciko da ki sauko kan mai RAM 4. Wasu za su ce ki ɗauki iPhone ta hannu 'yar London saboda kyamara, kuma gaskiya kyamararta da kalarta suna da kyau, amma a wannan kuɗin tsohuwa sosai za ki samu, batir ya gaji, wata an canza mata sikirin, ga babu garanti. Ki kuma kula, iPhone ɗin da aka yi don Amurka daga 14 zuwa sama ba su da ramin sim, sai eSIM, wato layin da ake sawa a waya ba tare da kati ba.

In kuma zuciyarki na kan sabuwar nan, ga sharaɗin da nace zan faɗa. Ki jira kamfanin da kansa ya sanar da ita a shafinsa na Najeriya da farashin naira, sannan ki ƙara sati huɗu zuwa shida bayan ta iso Kaduna, lokacin zumuɗi ya kwanta farashi ya sauko, waɗanda suka yi gaggawa sun gwada mana, mu ma masu gyara mun fara jin ko tana zafi ko sabis ɗinta na da rauni. Wani amfanin jiran ma shine da zarar sabuwa ta sauka, yayarta ta bara takan rage kuɗi, sau da yawa ita ce ma cinikin da ya fi. Kafin nan ki sauƙaƙa wa ta hannunki, ki shiga saitin WhatsApp wajen ma'ajiya ki goge manyan bidiyoyin da aka yi ta turowa, ki kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye a guruf, ki kwashe tsofaffin hotunan kaya zuwa katin memori, ki bar mata aƙalla kashi ɗaya cikin biyar fili, za ki ga ta ɗan farfaɗo. Ki kuma tabbatar kin san imel ɗinki da kalmar sirrinsa kuma hirarrakinki na ajiye a Google Drive, don ranar canza waya a nan mutane ke rasa lambobin kwastomomi da lissafin bashi.

Ranar da za ki shiga kasuwa, ko wace ce kika zaɓa, ki taho da yankin atamfa ja ɗaya da leshi mai haske ɗaya a jaka. Ki sa a buɗe kwalin a gabanki, ki danna *#06# ki ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta jikin kwali, a rubuta ta a rasit da sunan shago da kwanan wata. Ki sa layinki ki ga 4G ta hau, ki shiga saiti ki karanta RAM da idonki. Sai ki ɗauki hoton kayan nan biyu a cikin shago da kuma a waje cikin rana, ki tura wa wata 'yar'uwarki ta WhatsApp, ki kira ta ki tambaye ta wace kala take gani. In abin da ta faɗa ya yi daidai da abin da ke hannunki, ki biya.